Kafin ka biya kuɗin IP tsayayye, duba wanga abu tukuna

Kusan duk wanda ya saka kamarar CCTV a shago ko a gida nan Birnin Kebbi, wata rana sai ya turo man saƙo iri ɗaya, wai kamara tana nunawa lafiya lau in yana cikin shago, amma da ya hau hanyar Jega ko ya isa Sakkwato sai allon waya ya yi baƙi ƙirin, kuma wani ya ce mashi maganin abin shi ne ya sayi IP tsayayye, sitatik ɗin nan da yara masu gyara ke faɗi. Aikina kenan, jan waya da haɗa rauta, akwatin da ke raba intanet a gida ko shago, da kamarori, kuma wallahi na gaji da maimaita bayani ɗaya cikin saƙon murya mai tsawo wanda na san ba a saurare har ƙarshe, shi ya sa na ce bari in rubuta shi wuri guda, mai tambaya in turo mashi kawai. Abin da nake son faɗi shi ne mafi yawan masu neman tsayayye ba shi ne ciwonsu ba. Ciwonsu shi ne ba su da adireshi na kansu a intanet kwata kwata, mai tsayawa ko mai canzawa, taron dangi suke da dubban mutane kan adireshi guda kuma ba su sani ba.

Bari in fara daga tushe kaɗan don kar in bar kowa a baya. Duk na'urar da ke magana a intanet sai da lamba, ita ce adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Tsarin da har yau ya fi yawa a hannunmu shi ne IPv4, an rubuta shi a 1981, kuma iyakar adireshin da zai iya bayarwa biliyan 4.3 ne da ɗan ragi. A lokacin masu abin gani suke wannan ba mai ƙarar da shi, kwamfutoci na jami'o'i ne da na soja kawai, shi ya sa anka yi rabon farko hannu sake, Apple ita kaɗai ta samu duk adireshin da ya fara da 17, Ford ta samu 19, jami'ar MIT ta samu 18, kowane ɗaya adireshi sama da miliyan 16 kenan, ma'aikatar tsaron Amurka kuwa ba a magana. Yanzu mutanen duniya sun haura biliyan 8, wani yana da waya biyu da laftof da talabijin mai shiga YouTube. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar duniya, IANA, ta raba na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna guda biyar, shi kenan rumbu ya ƙare daga sama.

Mu a Afirka hukumarmu ita ce AFRINIC, tana ƙasar Morishiyos, ta samu amincewa a 2005, ita ke ba kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo da masu fayiba tulin adireshi su kuma su raba ma mutane. Shi ya sa in ka duba adireshin da kake fita da shi sau da yawa za ka ga ya fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197, duk rabon Afirka ne, 102 ɗin ma shi ne na ƙarshe da ya faɗo hannunta a rabon 2011. Ita ma ta shiga tsimi, tun 2020 ba ta ba kamfani sai ɗan kaɗan, ga shari'o'in da take fama da su a kotu tun 2021. Adireshi dai ya zama kaya, ana saye ana sayarwa ana ba da haya, har Amazon tun Fabrairun 2024 take cajin masu hayar saba, wato kwamfutar da ke yi ma wasu hidima ta intanet, a wurinta dala 0.005 duk awa kan kowane adireshin IPv4, wato kusan dala 3.6 a wata. To in kamfani ya ce maka sai ka ƙara kuɗi kafin ya ba ka naka kai kaɗai, ba duka ba ne zalunci, abin da tsada daga can sama.

Yanzu ga inda ruɗanin ke fitowa. Mafi yawan bidiyon YouTube da bayanan da mutanenmu ke gani na Turawan Amurka ne da Ingila da Jamus, su kuwa da yawansu intanet ɗinsu ta wayar kebul ta talabijin yake shigowa gida, irin zagayayyar wayar nan mai ƙarfe guda a tsakiya da muke ja daga dish zuwa dikoda, sai dai su tasu daga titi take zuwa, daga kamfani. Tsarin sunanshi DOCSIS, ya fito a 1997, kuma yadda yake raba adireshi yana da kyau a sani don duk sauran daga nan za ka gane su. Kana kunna modem, akwatin da wayar kebul ɗin ke shiga, sai ta nemi tashar da za ta yi magana da babbar na'urar kamfani da ke kula da unguwar, CMTS, su daidaita ƙarfin sigina da lokaci, sannan modem ta roƙi adireshi nata na kanta wanda kamfani ke sarrafa ta da shi, ba shi ne naka ba, sannan ta sauko da wani ɗan fayil wanda a cikinshi anka rubuta gudun da ka biya da kuma na'ura nawa aka yarda su karɓi adireshi ta bayanta, gidajen mutane galibi guda ɗaya tak. Kamfani yana gane modem ɗin da lambar da anka buga mata tun daga masana'anta, lambar MAC, tana nan a takardar da ke manne ƙarƙashinta. Sai bayan duk wannan ne rauta ɗinka da ke jone da modem za ta ɗaga murya ita ma ta nemi nata, kuma wanda anka ba ta shi ne duniya ke gani.

Neman nan da bayarwa shi ne DHCP, kuma zance huɗu ne kacal. Rauta ta yi shela ta ce akwai mai ba da adireshi a nan? Sabar kamfani ta ce ga wannan in kina so. Rauta ta ce na karɓa. Saba ta ce na rubuta maki, na tsawon lokaci kaza. A hanya CMTS tana liƙa ma roƙon shaidar modem ɗin da ya biyo ta cikinta, don saba ta san gidan wa ne kuma ya biya ko bai biya ba. Abin lura shi ne haya ce ake ba ka ba kyauta ba, tana da wa'adi, wani kamfani awoyi, wani kwana ɗaya, wani kwanaki, kuma rauta ba ta jira wa'adi ya cika, da an ci rabi take komawa ta ce a sabunta man, in saba ba ta amsa ba ta ci gaba da ƙwanƙwasawa, in an kai kashi 87.5 cikin ɗari har yanzu shiru sai ta sake shela ga duk sabar da ke ji, in wa'adi ya cika ba amsa dole ta saki adireshin ta fara daga farko. In ka taɓa ganin kwamfutarka ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, to ma'anarshi ta yi shela ba wanda ya kula ta, kada ka tsaya zargin kamfani, duba wayarka da rauta tukuna.

Saboda sabuntawar nan ne mai kebul a can zai iya yin wata da watanni, wani har shekara, adireshinshi bai motsa ba alhali a takarda mai canzawa ne, don su wuta ba ta cika ɗaukewa ba, rauta tana kunne kullum tana sabunta hayarta, saba kuma ba ta da dalilin ƙwacewa. Yana canzawa ne in an kashe na'ura ta daɗe har wa'adi ya wuce an ba wani, ko kamfani ya raba unguwa biyu don cunkoso ya sake tsara lambobi, ko ka sauya rauta, don hayar da lambar MAC ta rauta anka ɗaure ta. Shi ya sa za ka ga a rautoci da yawa akwai wurin kwaikwayon MAC, sabuwa ta ari lambar tsohuwa. Shi ya sa kuma suke cewa in ka sauya rauta ka kashe modem ka kunna, don modem ta riƙe lambar ta farko kuma an ce mata guda ɗaya kawai.

Tsayayye kuwa a wurinsu galibi sai mai layin kasuwanci, kuma hanya biyu ce. Ko dai a rubuta cikin saba cewa duk ranar da lamba kaza ta zo a ba ta adireshi kaza kada a ba kowa, ko kuma a yanka maka ɗan yanki naka ka shigar da hannu. Comcast misali tana sayarwa 1 ko 5 ko 13, mutum zai ce mi ya kawo biyar, ai yankin takwas ne, ɗaya sunan yankin, ɗaya na shela, ɗaya na ƙofar fita, saura biyar naka. Yankin goma sha shida ma haka, a cire uku saura goma sha uku.

To duk wannan labarin masu kebul ne. Mu nan me muke da shi? Layin waya cikin MiFi ko rauta mai cin SIM shi ne mafi yawa, sai masu kafa rediyo kan dogon ƙarfe su harbo maka daga hasumiyarsu, sai fayiba a wasu ofisoshi da makarantu, sai Starlink da ta shigo Najeriya a Janairun 2023 wadda yanzu kana ganin farantinta kan rufin kwano har a garuruwan da sabis ke wahala. Kuma kusan dukansu, in ba ka nemi wani abu daban ba, bayan CGNAT suke saka ka, wato tsarin tara mutane da yawa kan adireshi guda. Waɗanda sunka yi wayo farkon zuwan GSM za su tuna masu lema a bakin titi, ka je ka biya ka kira ɗan'uwanka a Kaduna da wayar mai lema, magana ta tafi lafiya, yana jinka kana jinshi, amma lambar da ta fito mashi ta mai lema ce, in ya ce bari ya kira ka anjima sai mai lema ya ɗauka ya ce wa kake nema, mutum ɗari sunka kira da wayar ga yau. Haka CGNAT yake. Kamfani yana da adireshin fita guda, ya tara mutane da yawa a bayanshi, duk abin da kai ka fara nema amsarshi za ta dawo maka don na'urarsu ta rubuta cewa kai ka nema, shi ya sa WhatsApp da TikTok da banki duk suna aiki ba ka taɓa jin komai ba, amma wanda zai fara nemanka daga waje, kamar wayarka tana Abuja tana neman DVR ɗin shagonka, akwatin nan da ke ajiye hoton kamarori, ba hanyar da zai iso, ko ka buɗe fot, wato ƙofar shigowa daga waje, har ɗari a rautarka aikin banza ne don ƙofar da ke rufe ba a gidanka take ba, tana can wurin kamfani.

Dubawa ba ta cin minti biyar. Ka jona da wayfai ɗin, ka buɗe burauza ka shiga shafin rauta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1, yana rubuce a bayanta tare da kalmar sirri. Ka nemi wurin da anka rubuta WAN IP ka kwafe lambar a takarda. Sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan nan da ke nuna ma mutum adireshin da yake fita da shi ka kwatanta. In lambobin biyu iri ɗaya ne, barka, kana da adireshi na fili, saura kawai ka san ko yana canzawa. In sun bambanta, musamman in na rauta ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko 172.16 zuwa 172.31, to kana cikin taro. Wancan na 100.64 a 2012 anka ware shi musamman don wannan aikin, kuma shi ya fi yaudarar mutane don yana kama da na fili, ba ya kama da 192.168 da kowa ya sani.

Akwai wani Alhaji mai sito na shinkafa da ya kira ni kwanakin baya, dattijo ne mai tsare gida, ya riga ya biya wasu masu rediyo ƙarin kuɗi duk wata kan an ce an ba shi tsayayye, amma har ranar bai taɓa ganin siton daga waje ba. Na same shi zaune kan buhu ana auna mashi kaya, yaro ya kawo man kujera, na buɗe laftof kan cinyata, rauta tana can sama kan katako ƙura ta rufe ta har fitilunta ba a gani sosai. Na shiga na ga adireshi ya fara da 10. Na ce ranka ya daɗe, tsayayye kam an ba ka, ba su yi ƙarya ba, ga shi nan an shigar da hannu ba ya motsi, sai dai na cikin gidansu ne, daga waje ba a ganinshi. Ya ce "To Injiniya mi ag amfaninai? Ni dai cewa niy yi in ina Makka in ga buhunnan ga." Na ce Alhaji abin da ya kamata a nema na fili ne, shi wanda ya karɓi kuɗin ko dai bai gane ba ko ya gane ya yi shiru. Munka kira su a gabanshi, wanda ya ɗauka ya ce su kansu adireshin fili ƙwaya biyu gare su daga wanda ke sayar masu, ba su da na rabawa. Ƙarshe ba mu sayi komai ba, DVR ɗin Hikvision ce, na kunna mata Hik-Connect, manhajar masu ita ta kallo daga waya, ya ɗauki hoton lambar QR da wayarshi, na kashe mashi wayfai na ce ya buɗe da data, sai ga lebura yana ɗaga buhu a allon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai ya ce ma yaron da ke tsaye "Kai, ashe haka kuka jan buhu ƙasa in ba ni nan?"

Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne DVR ce ke fara fita, ta kira sabar masu ita ta ce ga ni nan, wayarka ma ta kira can, sai a haɗa ku, duk biyun fita ce ba shigowa ba, CGNAT ba ruwanshi. Dahua, wani kamfanin kamarori, shi ma yana da nashi, DMSS. Aibinshi shi ne ka dogara da sabar wasu, wani lokaci hoto yana jinkiri ko ya ɗan daskare, kuma wasu ba su son hoton cikin gidansu ya bi ta hannun kowa, ni ma don cikin gida wurin iyali ba na ba da shawarar a yi sakaci da shi. Wanda ke son nashi a hannunshi sai ya duba irin su Tailscale ko ZeroTier, suna haɗa na'urorinka kamar suna ɗaki guda ko da duk suna bayan CGNAT, ko ya kama ƙaramar saba ta haya a waje wadda dama da adireshinta tsayayye take zuwa, ya ja rami, wato keɓantacciyar hanya cikin intanet da ake kira VPN, da manhajar WireGuard daga rautar kamfanin MikroTik zuwa can. Wannan na ƙarshe shi na fi so ga ofis, kuɗin ba shi da yawa, kuma ranar da kunka sauya kamfanin intanet ba abin da zai canza daga waje.

In kuma ka duba ka ga naka na fili ne amma yana canzawa, to DDNS ya ishe ka, suna ne za ka yi rajista, rauta ko DVR ta riƙa sanar da su duk lokacin da lamba ta sauya, kai sunan kawai za ka riƙe. No-IP suna da na kyauta amma duk kwana 30 sai ka tabbatar kana so in ba haka ba su kashe, kuma nan ne mutane ke faɗawa, saƙon yana zuwa imel ɗin yaron da ya saka kamarar wanda ya daɗe da komawa makaranta Aliero. MikroTik da nata a ciki ba sai ka je ko'ina ba. Amma a kula, DDNS a bayan CGNAT ba ya tsinana komai, zai rubuta adireshin taron ne kawai.

Sai wani tsayayyen da kowa ke mantawa, shi kuma kyauta ne, na cikin gida. Rautarka ita ma ƙaramar sabar DHCP ce, ita ke ba wayoyi da firinta da DVR lambobin 192.168. A garin da ake ɗauke wuta a kawo, a tada janareta, a juya zuwa sola, duk na'urori suna mutuwa su tashi tare, wadda ta riga tashi ita ke riga karɓa, jiya DVR tana kan lamba mai ƙarewa da 100 yau wayar mai gadi ta karɓe, fot ɗin da ka buɗe yana nuna wurin da ba kowa, firintar ofis ta ɓace a ce ta lalace a kira mai gyara. Shiga rauta ka ɗaure lambar MAC ta DVR da ta firinta da adireshi guda, ko ka shigar masu da hannu a wajen iyakar da rauta ke rabawa, kada ka saka a cikin iyakar don wata rana za ta ba wani irinshi su yi karo duka biyun su riƙa yankewa. Kiran gyara da yawa da nake zuwa nan matsalar take, ba ta kai ga kamfani ba ma.

Wa ke buƙatar tsayayye na gaske kenan? Wanda wani ya ce mashi sai daga adireshi kaza kawai zan buɗe maka, kamar masu haɗa manhajarsu da banki ko kamfanin biyan kuɗi inda ake rubuta adireshinka a jerin waɗanda anka yarda da su, ko ofis mai reshe a Argungu da Yauri da Zuru da ke son ramin VPN tsakaninsu da hedikwata, ko mai ajiye sabar imel ko ta makaranta a ɗakinshi. Waɗannan su nemi masu fayiba ko rediyo mai layin kasuwanci. A can galibi ba ta MAC ake gane ka ba, suna da kalmar sirri ake ba ka ka saka a rauta, PPPoE, kuma a asusunka ne ake rubuta cewa duk lokacin da wannan ya shigo a ba shi lamba kaza, don haka ko ka sauya rauta adireshinka na nan. Kamfanonin waya ma suna yi ma manyan kwastomomi ta APN na musamman, wato saitin da layin waya ke shiga intanet da shi, amma ba abin da za ka samu wurin mai sayar da kati ba ne. Starlink kuwa tsarin gida CGNAT ne, a tsarin kasuwanci ne ake iya kunna adireshin fili, shi ma ba su yi alkawarin ba zai taɓa canzawa ba, kuma rautarsu ba ta buɗe fot, sai ka tsallake ta ka saka taka. Duk wanda za ka biya, ka ce ya rubuta maka lambar a takarda kafin kuɗi su fita, ka tambaye shi na fili ne, ni kaɗai ne a kai, kuma akwai fot ɗin da kuke toshewa? In ya fara kame kame ka san amsar.

Kuma don Allah a daina cewa tsayayye yana ƙara gudu. Ba ya ƙara ko kaɗan, gudun da ka biya shi ne gudunka. Abin da yake ƙarawa shi ne masu ƙwanƙwasa maka ƙofa, don akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaya duk adireshin duniya suna gwada fot, 80 da 554 da 8000 na Hikvision da 37777 na Dahua duk sun san su. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta kame kamarori da DVR da rautoci masu ɗimbin yawa ba da wata dabara ba, kawai gwada kalmomin sirrin masana'anta take irin admin admin da 12345, sannan anka yi amfani da su a watan Oktoba anka danne kamfanin Dyn, mai nuna ma na'urori hanyar zuwa manyan shafuka, har Twitter da Netflix sunka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka. Har yau ina shiga shaguna in tarar da kalmar sirri lambar wayar mai shago ce wadda ke rubuce ɓaro ɓaro a allon ƙofa. Irin wannan gara ma yana bayan CGNAT, ko ba komai ya tsare shi daga abin da bai sani ba.

Taron nan yana da nashi ɗan ciwon kai da ba na kamara ba. Shi ne ke sa wani shafi ya dame ka da zaɓi hotunan mota da fitilar titi don wani da kuke adireshi guda ya yi ɓarna, masu rubutu a Wikipedia ta Hausa ma sun san zafin abin, a toshe adireshi saboda mutum ɗaya ya shafi ɗaruruwa. Kuma in Facebook ko Gmail ya ce an shiga asusunka daga Legas alhali kana zaune Gesse ko Badariya, kada hankalinka ya tashi nan take, duba irin wayar da lokacin, sau da yawa kai ne, adireshin ne anka yi ma rajista can ko ta can kamfani ke fitar da ku. A ɗaya gefen kuma, masu ganin cewa tunda adireshi yana canzawa da an saka waya yanayin jirgi an cire to sun ɓace, su sake tunani, kamfani yana rubuta wane layi ya riƙe wace lamba da wane fot a wane lokaci, dokar laifukan intanet ta 2015 ta ce su ajiye irin bayanan nan shekara biyu, layin kuma an ɗaure shi da NIN.

Maganin ƙarancin gaba ɗaya dama an daɗe da yinshi, IPv6, mai dogayen lambobi da haruffa, yawanshi ya kai a ba kowane gida yanki guda da ya fi duk IPv4 ɗin duniya ninkin ba ninkin, manyan shafuka sunka kunna shi dindindin tun 6 ga Yunin 2012, amma a nan tafiyar hawainiya ake, kamfani ya kunna rautarka ba ta iya ba, rauta ta iya DVR tsohuwa ce. Starlink tana bayarwa, don haka mai ita da rauta mai kyau zai iya isa na'urarshi kai tsaye ba tare da ya sayi komai ba, da sharaɗin layin da yake kallo da shi daga waje shi ma yana da IPv6, in babu ba za su ga juna ba. Yankin da ake ba ka ɗin ma yana iya canzawa, don haka DDNS bai fita aiki ba, sai ka tabbatar wanda ka zaɓa yana rubuta na IPv6 ɗin ba na IPv4 kaɗai ba, kuma ka leƙa katangar tsaron rautar ka buɗe ma DVR ita kaɗai, sauran na'urorin gidan ka bar su a rufe.